Ɗakin Gefe: Yadda Ma'aikatan Wani Asibiti a Kebbi Suka Guji Marasa Lafiya Lokacin Korona, da Yadda Suka Dawo

Kafin annoba

Asibitin na gwamnatin jiha ne, a hedikwatar wata ƙaramar hukuma cikin yankin noman shinkafa na Jihar Kebbi. An sakaya sunansa, haka ma sunayen ma'aikatansa. Abin da za a bi diddigi shi ne ɗakin kwanciya na maza: gado 20, ma'aikatan jinya bakwai masu karɓa-karɓa tsakanin aikin safe da na rana da na dare, atanda biyu masu shara da wankin zannuwan gado da kwashe fo, sai matiron da ke shugabantarsu, wadda ta haura shekara 25 a bakin aiki. Likitoci biyu ne ke zagaya asibitin gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin gwamnati ya san rabin aikin 'yan'uwa ne ke yinsa. Ɗa ko ƙane zai shimfiɗa tabarma a gefen gado, shi ke sayo magani a kemis, shi ke ba da kunu, ya riƙa mara lafiya zuwa makewayi, ya taso nas idan ruwan da aka ɗaura ya ƙare. Da la'asar masu dubiya su cika ɗakin da kwanukan abinci da addu'a. Abin da ke sa nas ɗaya ya iya riƙe gado 20 da dare ke nan.

Ma'aikatan ba baƙin annoba ba ne. Sun ga sanƙarau na 2017 da ya addabi Zamfara da Sakkwato da Kebbi, kuma kusan kowace damina sai sun karɓi masu amai da gudawa. Amma suna sane da yadda Ebola ta kashe Dakta Stella Adadevoh a Legas a 2014, kuma a watan Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano. Da aka tabbatar da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, ba wanda hankalinsa ya tashi a garin. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya, a makon nan kuwa jama'ar Kebbi na Argungu wajen bikin kamun kifi. Ciwon masu hawa jirgi ake ɗaukarta.

Afrilu 2020: tsoro ya riga cutar isowa

Rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu da labarin mace-macen dattawa a Kano su suka sauya magana. An ɗauki azumi ranar 24 ga wata, kuma kafin watan ya ƙare an tabbatar da cutar a Zamfara da Kebbi.

Hukumar asibitin ta ɗauki mataki uku. Ta hana dubiya. Ta ware wani ƙaramin ɗaki mai gado biyu a ƙarshen baranda, wanda kowa ke ce wa ɗakin gefe, domin ajiye wanda ake zargi har sakamakon gwajinsa ya fito, in ya tabbata a wuce da shi cibiyar killacewa ta jiha a Kalgo. Ta kuma karɓo kayan kariya: takunkumi, safar hannu da 'yan rigunan leda. Kayan suna sito, makulli na hannun mai sito, shi kuma ƙarfe 4 na yamma yake tashi. Samfurin gwaji sai an yi tafiya da shi mai nisa, sakamako kan ɗauki kwanaki.

Ba a yi mako biyu ba aiki ya canza kama. Nas ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi jiki daga nesa. Awon jini da na zafin jiki suka ragu. Duk wanda ya zo da tari sai a rubuta masa takarda a ce ya yi gaba. A gari kuma aka fara cewa in ka je asibiti da mura za a ce korona ce a rufe ka, sai mutane suka koma kemis da maganin gida, gadaje suka zama fayau.

Kowane ma'aikaci akwai abin da ya baro a gida. Wata sista tana shayar da jariri ɗan wata biyar. Wani nas yana zaune da mahaifiyarsa mai ciwon suga. Wata kuma mai acaɓa ya ƙi ɗaukarta saboda farin kaya, daga ranar ta koma zuwa da kayan gida tana sauyawa a asibiti. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga azumi, ga rigar leda wadda minti 20 a cikinta ya isa ya jiƙa mutum sharkaf.

Makon farko na Mayu: dattijon da aka kwantar

An kawo wani manomi mai kimanin shekara 70, mai hawan jini, da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Aka ɗauki samfur, aka sa shi a ɗakin gefe, aka ce 'ya'yansa biyu su tsaya bayan katanga. Na'urar iskar oksijin da ake da ita sai an tayar da janareta take aiki. Magani da abinci kan kujera ake ajiyewa a bakin ƙofa, a ɗaga murya a ce ya ɗauka. Dattijon kuwa ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi.

Mutum ɗaya ce ke shiga: ɗaya daga cikin atandan, gwauruwa mai kusan shekara 50, ma'aikaciyar wucin gadi da ake biya gwargwadon kwanakin da ta zo. Inna kowa ke kiranta. Da takunkumin atamfa da safar hannu biyu take shiga, ta tashe shi zaune, ta ba shi kunu da cokali, ta sauya zanen gado, ta ce, "Sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne." Ba a aike ta ba, ba a kuma hana ta ba.

A dare na huɗu ya cika. Inna ce ta iske shi da asuba. Takardar jinyarsa ba ta nuna an duba shi ba tsakanin ƙarfe 10 na dare da 5 na asuba.

Makon ya zo da nauyi a ko'ina. A cikinsa Sarkin Ƙauran Namoda ya rasu a wurin killacewa a Gusau, a cikinsa kuma masu jinyar korona a Gombe suka fito kan titi suna kukan an yi watsi da su. 'Ya'yan dattijon da suka ji ana batun riƙe gawa, sai suka tara dangi, aka yi hayaniya a bakin ƙofar asibiti, suka tafi da mahaifinsu suka yi masa wanka da sutura a gida. Kwana biyu da binne shi sakamako ya iso: yana da cutar. Aka gwada waɗanda suka kusance shi, Inna ta kamu. Nata bai yi tsanani ba, zazzaɓi ne da rashin jin ƙamshi, amma ta yi kusan mako biyu a killace. Cikin kwanakin nan ba abokin aikin da ya kira ta. Kuɗin ranarta ya tsaya. Maƙwabta suka daina sayen ƙosan da 'yarta ke soyawa a ƙofar gida. A ɗakin ma'aikata kuma har akwai masu cewa shisshigi ne ya ja mata.

Tsakiyar Mayu: abubuwa uku da aka gwada

Na farko takardar tuhuma. A lokacin Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, yana ta jan kunnen asibitoci kan korar marasa lafiya, hukumar asibitin kuma ba ta so a ji sunanta. Aka ba nas ɗin da ya kwana aiki takarda ya yi bayani, aka sanar cewa duk takardar jinyar da aka samu da giɓi mai ita zai amsa tambaya. Giɓi ya ɓace daga takardu cikin kwana biyu. Sai dai matiron ta lura lambobin sun cika kama da juna: zafin jiki iri ɗaya, bugun zuciya iri ɗaya, a kan majinyacin da ko agogon awo ba a sa masa ba. Mutum biyu kuma suka kawo takardar neman hutu.

Na biyu nasiha. A goman ƙarshe na azumi aka tara ma'aikata, aka tuna musu rantsuwar aiki da ladar duba mara lafiya da cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Babu wanda ya musa ko harafi ɗaya, domin duk sun yi imani da haka. Ana shirin tashi sistar nan mai shayarwa ta ce, "Ranki ya daɗe, Inna ta yi duk abin da aka faɗa. Wa ke ciyar da 'ya'yanta yanzu?" Ba a samu mai amsawa ba, aikin dare kuma ya ci gaba yadda yake.

Na uku bita. An tura manyan ma'aikata biyu Birnin Kebbi suka koyo yadda ake sa kayan kariya da yadda ake cirewa. Ilimi ne mai kyau, daga baya ma ya yi amfani. Amma atanda, waɗanda su ke taɓa majina da fitsari da zanen gado, ba a gayyace su ba, kuma wanda ya koyo sa riga in dare ya yi rigar na kulle a sito.

Bayan ƙaramar Sallah: abin da aka sauya

An yi Sallah ranar 24 ga Mayu. Kashegari matiron ta ɗauki tuwon Sallah ta tafi gidan Inna, wadda aka sallamo kwanaki kaɗan kafin nan. Ta zauna kan tabarma a tsakar gida, maƙwabta na kallo ta katanga. Ta tambaye ta me dattijon ke cewa in ta shiga. Inna ta ce bai taɓa tambayar magani ba. Tambayarsa uku ce kullum: ina 'ya'yansa, ina alƙibla a ɗakin nan, kuma in ya mutu za a bari a yi masa wanka?

Daga nan matiron ta bi ma'aikatanta ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, tana tambayar kowa wa yake kwana da shi a gida kuma me ya fi tsoro. Abin da ta tsara bayan haka bai ci kuɗi mai yawa ba.

Kayan kariya suka dawo kabad ɗin ɗakin, makulli a hannun wanda ke bakin aiki, ana ƙirga su a gaban juna lokacin miƙa aiki. Ba su ƙaru ba, amma kowa ya san nawa suka rage kafin ya karɓi dare. Aka zaƙulo takalman roba da manyan rigunan roba na lokacin amai da gudawa, waɗanda ake wankewa da ruwan kulorin a sake sawa. Atanda aka fara koya wa haɗa ruwan: mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100 na goge gado da ƙofa, mai kashi 0.5 na inda jini ko amai ya zuba.

Mai shayarwa da mai tsohuwa a gida aka cire su daga ɗakin gefe, suka ɗauki ƙarin dare a babban ɗaki. An yi gunaguni kan wannan, amma da yake a fili aka faɗi dalili, kuma an ga sun biya da wani aikin, maganar ta mutu. Waɗanda makon ɗakin gefe ya faɗo kansu aka share musu ɗaki a gidajen ma'aikata, don kada su koma cikin iyali kullum da zullumi.

Shiga kuma ta zama ta mutum biyu, duk bayan awa huɗu. Ɗaya a ciki, ɗaya a bakin ƙofa yana rubuta awo, yana kallon agogo saboda zafi, yana kuma lura da yadda ɗan'uwansa ke cire kaya, domin wajen cirewa aka fi kwasar cutar. Matiron ce ta yi shigar farko, ita da nas ɗin da aka ba takardar tuhuma. Ɗaya daga likitocin ya zauna da su ya warware yadda cutar ke yaɗuwa: numfashi ne da tari, haɗari ya fi yawa in an daɗe kusa da kusa, kamar minti 15 a tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, babu takunkumi, a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Aka buɗe tagogi, aka riƙa sa wa majinyacin takunkumi shi ma. Wasunsu sai a ranar suka gane taɓa goshin mara lafiya da safar hannu ba shi ne mutuwa ba.

Tagar bayan ɗakin gefe ita ta fi komai tasiri. Aka ja layi a ƙasa taku uku daga bango, aka ce bayan la'asar 'yan'uwa biyu su zo su tsaya su gaisa da nasu. Dubiya ta dawo ke nan, ko da a tsaye. Aka yi alamar alƙibla a bango, aka ajiye dutsen taimama kusa da gado. Matiron da wani dattijon nas suka je wurin limamin Juma'a da hakimi, aka daidaita cewa in an yi rashi, masu wankan gawa biyu da aka koya wa sa kariya su za su yi sutura, dangi su yi salla da tazara, a binne a maƙabartar gari kamar kowa.

Ba duka dabarun suka ci ba. An gwada rubuta suna a ƙirjin riga don majinyaci ya san wanda ke bayan takunkumi, sai aka ga yawancin dattawan ba sa karanta boko. Wani nas ya koma rubutawa da ajami, aka ji daɗin abin, amma a ƙarshe sallama da faɗin suna da baki su suka zauna. An kuma ajiye waya cikin leda don kiran gida, kuɗin kati ya gagara, aka bar ta.

Ma'aikatan suka buɗe asusu, kowa naira 500 a wata, na wanda aka killace. Kuɗin farko Inna aka kai wa. Ranar da ta dawo aiki matiron ta kira ta suka ci abinci a tire ɗaya a gaban kowa.

Yuni zuwa Disamba 2020

A farkon Yuni hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ce ma'aikatan lafiya 812 sun kamu a faɗin ƙasa. Ranar 15 ga wata ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki kan kayan kariya da kuɗin haɗari, wanda a matakin tarayya ya daɗe a naira 5,000 a wata. A tsakiyar watan ne kuma binciken da aka yi a Birtaniya ya nuna dexamethasone, magani mai araha, yana rage mutuwa ga waɗanda cutar ta kai su ga buƙatar oksijin. Ga ma'aikacin da ya yi wata biyu yana jin ba shi da abin yi wa majinyaci, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Ƙarshen Yuni wani nas na ɗakin ya kamu. A wannan karon an yi jerin masu kiransa safe da yamma, an kai wa matarsa kuɗin asusu da cefane, abokan aikinsa suka raba kwanakinsa ba tare da an roƙe su ba. Cikin waɗanda aka kwantar a ɗakin gefe daga Yuni zuwa Agusta akwai waɗanda suka rasu, amma babu wanda ya cika shi kaɗai, kuma ba a sake rigimar gawa ba.

Damina ta kawo zazzaɓin cizon sauro, ambaliyar Agusta da Satumba ta cinye gonakin shinkafa, gadaje suka sake cika. Da aiki ya yi yawa kuma korona ta lafa, tsarin ya saki. Matiron ta tafi hutun shekara a Nuwamba, aka daina ƙirgar kaya, shigar mutum biyu ta koma ta mutum ɗaya. Da cutar ta sake tasowa a Disamba an ga tsohuwar ɗabi'ar tsayawa a bakin ƙofa ta fara leƙowa, sai da aka ɗauki mako guda ana maido da abubuwa wurinsu.

2021

Allurar rigakafi ta iso Abuja ranar 2 ga Maris, kusan miliyan huɗu ta AstraZeneca, aka fara da ma'aikatan lafiya. A jerin sunayen da ɗakin ya miƙa, atanda na ciki. Da damina kwalara ta ɓarke, wadda a shekarar aka yi zargin ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,000, Kebbi da Zamfara na cikin jihohin da ta taɓa. Ɗakin ya karɓi masu amai da gudawa har a baranda. Ba a jira umarni ba: kabad, ƙirga, bokitin kulorin, mutum biyu-biyu, wurin tsayawar dangi.

Me ya sa wannan ya yi, wancan bai yi ba

A ganina kuskuren farko na fahimta ne. An ɗauka tausayi ne ya ƙare a zukatan ma'aikatan, shi ya sa aka nufe su da barazana da wa'azi. Alhali tausayin yana nan, ya koma ne kan jaririn da ke jiran nono da tsohuwar da ke gida. Mutumin da aka sa ya zaɓa tsakanin baƙon dattijo da mahaifiyarsa, ba shi da riga, ba shi da tabbacin za a kula da nasa in ya faɗi, zai tsaya a bakin ƙofa, kuma zai tsani kansa yana tsaye. Takardar tuhuma ta ƙara masa tsoro na biyu a kan na farko, sai ya kare kansa da biro. Nasihar gaskiya ce, amma an yi ta ne alhali wadda ta aikata ta tana killace ba mai tambayarta, kuma kowa na gani.

Abin da ya yi aiki ya taɓa dalilan ne kai tsaye. Ƙirgar kaya ta kawar da zullumin ko akwai ko babu. Bayanin likita ya sa wa tsoro iyaka. Shigar biyu-biyu ta sa ba wanda ke fuskantar ɗakin shi kaɗai, ta kuma sa ƙaryar awo ta yi wuya ba tare da an zargi kowa ba. Taga ta maido da dangi, waɗanda korarsu ta ɗora wa mutum bakwai aikin da ba su taɓa ɗauka su kaɗai ba. Asusun da tiren abincin suka amsa tambayar da sistar nan ta yi a taro. Ba na ganin ɗayan waɗannan zai tsaya shi kaɗai, kuma ba na ganin za su karɓu da matiron ba ta fara shiga da kanta ba.

Wannan ba ya wanke daren da dattijon ya cika. Awa bakwai ba a leƙa mai sarƙewar numfashi ba laifi ne, kuma nauyinsa bai tsaya kan nas ɗaya ba, ya hau har kan wanda ya bar makulli ya tafi gida. Sakin da aka yi a Nuwamba ya kuma nuna tsarin ya rataya ne a wuyan mace ɗaya, ba a rubuta shi cikin ƙa'idar asibitin ba. Zuwa ƙarshen 2021 ma'aikatan jinya biyu daga cikin bakwai ɗin sun nemi canji zuwa birni, ba a kawo madadinsu ba, na'urar oksijin na nan tana jiran janareta, Inna kuma tana nan a matsayin ma'aikaciyar wucin gadi, ba ta cikin masu karɓar kuɗin haɗari.